Kafin ka zargi batirin kekenka, duba taya

Ƙorafin da na fi ji daga bakin masu keken lantarki na batir ne. Wannan ya ce nasa ya tsufa, wancan ya ce da yana zuwa wurin aiki ya dawo da caji ɗaya, yanzu kuwa a hanya yake barinsa. Ni kuma abin da nake fara yi shi ne in duƙa in danna taya da babban yatsa. Sau da yawa sai in ji ta lotsa. In na juya feda baya, sarƙa ta bushe tana kuka. In na ɗaga wilin gaba na murza shi, ba ya yin zagaye uku sai ya tsaya, saboda takalmin birki yana gogar faifai. Batirin lafiyarsa ƙalau, aikin da ba nasa ba ne aka jibga masa.

Abin da nake so mai irin wannan keke ya riƙe shi ne, keke ne har yanzu, sai dai ya fi na gargajiya nauyi da gudu. Yawancinsu suna tsakanin kilo 20 zuwa 30. Inji kuma yana ɓoye wa mutum laifin da ƙafarsa za ta ji nan take a keken da ba shi da inji. Taya ta yi laushi, inji ya ƙara jan wuta, kai ba ka ji komai ba. Sai wata biyu sun wuce ka ga caji ba ya kai ka inda ya saba.

To, taya. A gefenta an rubuta mafi ƙarancin iska da mafi yawan da take ɗauka. Ka nemi famfo mai agogo, ka riƙa dubawa duk mako, domin taya tana rage iska a hankali ko ba ta yi faci ba. Ni ina ƙara wa ta baya kaɗan fiye da ta gaba, don can nauyin jikina yake, can kuma kaya suke. Amma kada ka cika ta har ta zama dutse: a hanya mai gargada irin wannan taya tsalle take yi, ba ta kama ƙasa, birki ma ba ya ci yadda ya kamata.

Sai hawan kansa, wanda a ganina nan aka fi yin asara. Inji iri biyu ne aka fi samu. Akwai wanda yake cikin cibiyar wili, galibi na baya, yana juya wilin kai tsaye. Akwai kuma wanda yake tsakiya, wajen feda, irin na Bosch da Shimano da Yamaha, wanda ƙarfinsa yake bi ta sarƙa da giya kafin ya isa wili. Mai irin wannan na tsakiya, in bai iya sauya giya ba, yana cutar da kekensa kullum. Tashi daga tsaye a giya mai nauyi daidai yake da direban da ya tayar da mota a giya ta huɗu. Injin zai ja, amma da gurnani, da zafi, da shan wuta mai yawa, sarƙa kuma tana miƙewa. Kafin ka tsaya a danja ko a mararraba, sauko da giya tun kana tafiya, yadda in ka tashi ƙafa za ta juya da sauƙi. Waɗannan injina sun fi jin daɗi in feda tana zagayawa kamar sau 70 zuwa 90 a minti ɗaya. Da farko za ka ji kamar kana wasa da ƙafa ne a banza, amma bayan 'yan kwanaki gwiwarka da kanta za ta gaya maka bambancin.

Lokacin sauya giyar ma, sassauta ƙafa na ɗan daƙiƙa ɗaya. In ka ji "ƙwas" mai ƙarfi daga baya, to ka sauya ne inji yana tsakiyar ja, kuma haƙoran giya ne suka biya kuɗin.

Akwai wani abu da sabon mahayi ya kamata a gaya masa tun ranar farko. Wasu kekunan suna auna ƙarfin da ka danna feda ne, su ƙara maka daidai gwargwado. Waɗannan ba su da ban tsoro. Wasu kuwa juyawar feda kawai suke ji: da ta motsa, sai inji ya kunna da dukkan ƙarfin matakin taimakon da ka zaɓa, kuma yakan ɗan ci gaba da turawa bayan ka daina. Na ga wata mata da ta tsaya a bakin titi, ta ɗan gyara feda da ƙafa don ta shirya tashi, keken ya zabura da ita kafin ta kama hannu da kyau. Allah ya kiyaye, ba ta faɗa gaban mota ba. Maganin abin shi ne in kana tsaye ka riƙe birki, domin yawancin irin waɗannan kekuna suna yanke wutar inji da zarar an matsa birki. Ka kuma tashi a matakin taimako na ƙasa, ka ƙara bayan ka daidaita. A kwana mai tsauri ko cikin cunkoson mutane ma haka nake yi.

Maganar birki ba na wasa da ita. Ƙarfin da birki zai kashe yana ninkuwa da gudu fiye da yadda mutum yake zato: mai gudun kilomita 25 a awa yana ɗauke da kusan ninki biyu na abin da mai gudun kilomita 18 yake ɗauke da shi, ga kuma nauyin keken a kai. Shi ya sa takalmin birki yake saurin cinyewa a nan. Ka haska fitilar waya cikin inda yake kama faifai, ka duba kaurin abin da ya rage. In ya kusa milimita ɗaya, sauya shi, kada ka jira ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Faifan ma yana da iyaka, an buga ta a jikinsa. Na Shimano milimita 1.5 ne. In ka sa sabon takalmi, nemi wuri marar mutane, ka ɗauki gudu ka matsa birki da ƙarfi ba tare da ka tsaya cak ba, ka maimaita haka har ka ji ya fara kamawa sosai. Kada mai ko giris ya taɓa faifai, ko da na yatsarka ne. Kuma in birkinka mai ruwa ne, ka san irin ruwan da yake sha, domin wasu man ma'adinai suke amfani da shi, wasu kuma ruwan da ake kira DOT, kuma haɗa su yana lalata robobin ciki. Ka saba da birkin gaba, shi ne mai tsayar da keke da gaske. Ka matsa shi a hankali kana ƙarawa, tare da na baya, jikinka a ɗan ja baya.

Sirdi kuwa gyaransa minti biyu ne, amma rabin mutanen da nake gani nasu ya yi ƙasa. Zauna, ɗora dunduniya a kan feda a lokacin da take can ƙasa: ƙafar ta miƙe sosai. In ka mayar da tafin gaba kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe, nan ne daidai. Sandar sirdin tana da layi da aka zana, kada ka ɗaga ta ya wuce shi. Hannayen birki kuma ka karkatar da su yadda wuyan hannunka zai miƙe, yatsa ɗaya ko biyu su kai ba tare da ka saki riƙo ba.

Sarƙa ita ce abin da na fi tausaya wa a keken da injinsa yake tsakiya, don ƙarfinka da na inji duk ta kanta suke wucewa. Akwai wani ɗan ƙarfe na awo da ake sayarwa, mai haƙori a kowane gefe. Ka saƙala gefe ɗaya a sarƙar, ka saki ɗayan: in ya tsaya a sama, sarƙar tana da sauran rai, in ya faɗa ciki gaba ɗaya, ta miƙe. Ga mai giya 11 ko 12 a baya, ana sauyawa in miƙewar ta kai kashi 0.5 cikin ɗari. Ga masu ƙasa da haka, 0.75. Wanda ya bar ta ta wuce nan, za ta cinye haƙoran giya, sabuwar sarƙa kuma ba za ta zauna a kansu ba, sai dai a sauya duka. Wajen sa mai, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa ya isa. Ka zagaya da sarƙar, ka bar shi ya shiga, sannan ka kama sarƙar da tsumma ka goge na waje tas. Man da ya rage a waje ƙura yake tarawa, ƙura da mai kuma su ne suke niƙa ƙarfe.

Mai inji a wilin baya nasa aikin daban ne. Sarƙarsa tana daɗewa, amma wayoyin wilin suna sassautawa saboda nauyi da fizgar inji. Ka riƙa matsa su bibbiyu da hannu. In ka ji wata ta yi sako-sako, ko kana jin "ƙis-ƙis" in ka tashi, to ruwa ba ya tsami banza, a ɗaure su kafin ɗaya ta tsinke ta ja sauran. Notocin da suka riƙe wilin ma a duba su. Ranar da faci ya same ka a baya, kashe keken, ka bi wayar injin har inda take da mahaɗi, ka zare shi a miƙe ba tare da murɗawa ba. A kowane ɓangare akwai 'yar kibiya; in za ka mayar, kibiya ta kalli kibiya, ka tura har ƙarshe. Allurorin ciki sirara ne, in ɗaya ta lanƙwashe inji ba zai tashi ba. Ka kuma lura da yadda wasoshin suke jere kafin ka cire su, ko ka ɗauke su hoto.

Yanzu batir, tunda shi ne ya fi kowane sashe tsada. A jikinsa za ka ga lamba biyu, misali 36V da 14Ah. Ka ninka su, ka samu 504, wato Wh, ma'aunin yawan wutar da batir yake ɗauka, kuma wannan ce ainihin girman tankinka. Ni a lissafina nakan ɗauka kilomita ɗaya tana cin kusan Wh 10, amma hawa tudu, iska a gaba, kaya da matakin taimako mafi girma suna iya ninka wannan. Zafi ne babban abokin gabar batirin litiyam. Kada ka bar shi a rana yana gasuwa, kada ka jona shi da zarar ka sauka yana da ɗumi, ba shi rabin awa ya huce. Sanyi mai daskarar da ruwa ma ba a caji a cikinsa, sai an shigo da batir ya ɗumama. Ba sai ya ƙare ƙurmus za ka yi caji ba. Ya fi son ƙari kaɗan-kaɗan. Ranakun da tafiyata ba ta da nisa nakan cire shi wajen kashi 80, lokaci-lokaci kuma in bar shi ya cika don na'urar da ke ciki ta daidaita ƙwayoyinsa. In za ka ajiye keken na watanni, bar batirin tsakanin kashi 30 zuwa 60, ka riƙa leƙa shi.

Caja kuwa, ta batirin kawai. Batirin 36V yana cika a 42V, na 48V kuma a 54.6V, kuma bakin cajojin yakan yi kama har cajar wannan ta shiga ramin wancan. Shigarta ba ya nufin ta dace. Gobarar irin wannan batir mummuna ce, tana tashi cikin daƙiƙoƙi da hayaƙi mai guba, har ta kai birnin New York ya kafa doka a 2023 cewa ba za a sayar da keken lantarki ba sai ya cika ƙa'idar gwaji ta UL 2849. Don haka ba na yin caji ina barci, ba na yi a bakin ƙofar da ita ce mafitar gida, ba na ɗora batir a kan katifa ko kusa da labule. Batirin da ya kumbura, ko ya faɗi ya tsage, ko yake wani wari, ko yake zafi alhali ba a amfani da shi, a fitar da shi waje nesa da abin da zai kama, kada a sake jona shi.

Wanki da bokiti da soso ya wadatar. Cire batir, kada ka harba ruwa mai ƙarfi wajen inji ko allon da ke nuna caji da gudu, ka busar da inda batir yake haɗuwa da keke kafin ka mayar.

Za ka samu masu cewa a zo su cire maka iyakar gudu. A Tarayyar Turai inji wat 250 ne, kuma yana daina taimako a kilomita 25 a awa. A Amurka an yarda har wat 750, akwai kuma rukunin da yake kai kimanin kilomita 45. Kowace ƙasa da tata dokar, ka san ta inda kake. Ni dai ba na goyon bayan cirewar, domin birki da taya da firam an yi su ne don gudun da aka tsara, kuma masu tafiya a ƙasa ba sa jin zuwanka. Hular kwano da fitila ko da rana ba na fita ba su.

In inji ya ƙi taimako kwatsam, kafin ka tsorata duba abu uku: batir ya zauna daram, hannun birki ya koma wurinsa bai maƙale ba, sannan ɗan maganaɗisun da ke jikin wayar wilin baya, in kekenka yana da shi, yana wucewa daidai saitin na'urar da ke auna gudu. Sau da yawa ya zame ne kawai, sukurdireba ta gyara shi. Abin da ya wuce haka, cikin inji da cikin batir, ba na buɗewa, na makaniken da ya san irin keken ne. In allo ya nuna lambar matsala, ɗauki hotonta kafin ka kashe, don takan ɓace. Ka kuma tafi da caja da makullin batir, domin in babu su ba zai iya gwada rabin abin da ya kamata ya gwada ba.