Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a jinyar Mama

Alhamdulillah, an sallami Mama, tana takawa da sanda a kan sabuwar gaɓar kwatangwalo da aka sa mata a tiyata. Kun san yadda aka faro da ciwon gwiwa, ba sai na maimaita ba, a gajiye muke liƙis.

Godiyarmu ta farko ga mai gashin ƙashin da ta ƙi tsayar da bincikenta a kan gwiwa kaɗai, bayan shekara 3 ana shafa wa Mama magani a banza. Ta kwantar da Mama rigingine, ta lanƙwasa gwiwar ta miƙe, babu zafi. Da ta murɗa cinyar ciki a hankali, sai Mama ta ƙwalla ƙara ta damƙe mata hannu. Ba ta zare hannun ba har ta gama yi mana bayani. Allah Ya faranta mata kamar yadda ta faranta mana, Ya raya mata zuri'a.

Bayanin nan ya kamata kowa ya ji. Jijiyoyin da ke ɗauko zafi daga gaɓar kwatangwalo su ne ke saukowa ta cinya har gwiwa. Idan guringuntsin gaɓar kwatangwalon ya cinye, ƙashi na gogar ƙashi, mutum zai rantse gwiwarsa ce. Da tafiya ta yi nisa kuma sai ɗingishi ya shigo, naman cinya da na ɗuwawu su yi rauni, nauyi ya koma kan ɗaya ƙafar, gwiwarta ita ma ta fara ciwo na gaske. Duk mai ciwon gwiwa da ke jin zafi a matsematsi, ko yanke farcen ƙafa da sa safa ke gagararsa, ya nemi a ɗauki hoton kwatangwalo. Sanda kuwa a hannun ɓangaren lafiyayyar ƙafar ake riƙe ta.

Likitan tiyata, nas-nas na dare, da waɗanda suka ba da jini, Allah Ya saka muku da Aljanna, Ya kare ku daga kwanciyar asibiti. 'Yan uwan da ko waya ba mu samu ba, mun yi muku uzuri.

Masu zuwa dubiya, likita ya ce har mako 6 kada Mama ta zauna a gajeriyar kujera, kada ta harɗe ƙafa, kada ta sunkuya ɗaukar abu. In kun ga sharaɓarta ta kumbura tana zafi, a kira mu nan take, gudan jini ake tsoro. Ku ci gaba da sa ta a addu'a.