Daga Legas: bashi, tsire da kuɗin anko

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan uwa na Maradi. Muna nan lafiya, iyali suna gaishe ku, a gaida Inna da Baffa.

Tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini a WhatsApp har na gaji da amsa ta ɗaya bayan ɗaya: wai ta yaya mutum zai ce bashi ya yi masa katutu, amma a gan shi a hoto da yara gaban mai tsire a Agege? Zan amsa, in kuma taɓo maganar makaranta da ta samarin da ke son tahowa.

Ku fara sanin inda bashin mutanenmu na nan yake fitowa. Haya ce. A gida mutum ya biya kuɗin wata ya kwanta abinsa. Nan kuwa sai ka dire kuɗin shekara cur kafin a miƙa maka makulli, kuma ba su ke nan ba. Akwai na dillalin da ya nuna maka ɗakin, akwai na rubuta yarjejeniya ko da ba ka ga lauya da idonka ba, akwai kuma wanda ake karɓa wai ajiya saboda ɓarna. Wannan na ƙarshen, ranar tashinka sai an nemo tsagewar bangon da ka tarar tun zuwanka an ce kai ka yi. Tun 2011 Jihar Legas ke da dokar da ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya, amma in mai gida ya nemi fiye da haka, je ka karanta masa doka, na bayanka zai ba ɗakin kana tsaye. Wa ke da irin wannan kuɗi a ajiye? Sai rance. Kafin ka gama biya shekara ta zagayo, an ƙara kuɗin.

Ga kuma abin da ya biyo bayan 29 ga Mayun 2023, ranar da Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta je ta haura 1,000 a 2024, kuɗin mota da na abinci suka bi ta. Naira ta karye, har jika guda ta sefa ta wuce naira 2,000. Shi ya sa kuke ganin aike ya ƙanƙance, ba rowa muka koya ba. 'Yan kabu-kabu su tun 2022 aka hana su aiki a Ikeja da Surulere da Apapa da wasu unguwanni, wasunsu ma ba su gama biyan kuɗin babur ba.

To, bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ga yadda muke yi a gidana. Ranar da kuɗi suka shigo, na mai bashi ake fara cirewa tun ba su kwana a aljihu ba, sai zubin adashi wanda haya ce ke jiransa, sai cefane. Abin da ya saura, ni da uwargida mun yanke ɗan wani abu na Juma'a: tsire, ko fura da nono, ko lemo ga yara. An san adadinsa, ba ya ƙaruwa don an yi ciniki. Na ga magidanta da suka ce ba nama ba shayi sai an gama biya. Ba a wata biyu, gida ya cika da faɗa, sai mutum ya huce haushinsa da sabuwar waya, ita ma bashi.

Abin da ke cin mu ba tsire ba ne, anko ne. Yarabawa sun ƙware a biki, kowace Asabar da shi, mu ma mun ɗauka muka ƙara a kan namu. Biki ko suna, sai an fitar da atamfa ko leshi, ga ɗinki, ga gudummawa, ga liƙi. Anko guda ya cinye tsiren wata da watanni. Kunya ke sa a saya. Yaya, ke da kike shirin aurar da 'ya, ki bar mutane su zo da abin da ke akwatinsu. Wanda ya zo da tsohuwar shadda ma albarka ya kawo.

Ku kuma gargaɗi yara kan manhajojin rance na waya. Ban da kuɗin ruwa da ke ninkawa cikin makonni, in aka yi jinkiri sai su bi lambobin da ke wayar mutum suna aika saƙon cin mutunci, har ga surukai.

Makaranta kam tana da tsada, sai wani jiƙon. Masu son tahowa kuwa, kada wanda ya hau mota sai ya san a ɗakin wa zai kwana. Baffa, kuɗin takin da na yi alkawari suna nan tafe kafin damina, da yardar Allah.

Naku, daga Agege.