Tarihin Rayuwata, Kashi na 31: Wuƙa a Kan Zuciya

A makon jiya na tsaya a inda mutumin da ya sayi kashuna ya ce danshi ya yi wa kayan yawa, ko in rage masa farashi ko ya bar mini abina a tashar jiragen ruwa. Kwantena uku ne, rabin kuɗin kuma ba nawa ba, na Yayana ne da wasu abokan kasuwa biyu a Dawanau. Ina ta haƙilon a sake awo, sai tafintana ya ce mini, da murya irin ta mai gaisuwar rasuwa, in manta da zancen awo sai bayan Tet.

Tet ita ce sabuwar shekarar mutanen Biyetnam bisa lissafin wata, kuma ita ce babbar sallarsu. Banki, ofis, masana'anta, kowa sai ya rufe ya tafi garinsu kusan mako guda. Kuɗin kwanan kwantena ne kaɗai ba ya zuwa hutu. Na zauna a ɗakin otal a birnin Ho Chi Minh ina buga lissafi a waya har kaina ya ɗau zafi. Tafintan nan, saurayi ne ɗan Hanoi da ban kai in haife shi ba amma na girme shi sosai, ya ce ba zai bar ni ni kaɗai ba. Tun ranar da muka haɗu shekaruna ya fara tambaya, don a harshensu ba ka iya yi wa mutum magana sai ka san ko yayanka ne ko ƙanenka. Daga nan ya riƙa kirana "anh", wato yaya. Ya ce, "Anh, zamanka a nan ba zai busar da kashu ba. Zo mu tafi gida." Awa biyu a jirgin sama, sai ga mu a Hanoi.

Ya sauke ni kusa da titin Hang Luoc saboda masallacin Al-Noor, wanda 'yan kasuwar Indiya suka gina a ƙarshen ƙarni na 19. A wannan titin ake cin kasuwar furannin Tet. Sai ka fito daga sallar la'asar ka ga mutum ya ɗaure bishiyar lemo sukutum da tukunyarta a bayan babur yana kutsawa cikin jama'a.

Daren farko ya ce zai kai ni kallon 'yan tsana. Raina ya sosu. Ni da dukiyar mutane ke kwana a tasha, wasan yara za a kai ni? Na bi shi ne don kada in kunyata shi, tunda ya riga ya sayi tikiti.

Gidan wasan, Thang Long, yana bakin tafkin Hoan Kiem a tsakiyar gari. Da muka shiga na nemi dandamali ban gani ba. Kududdufi ne na ruwa, kore-kore mai duhu, a bayansa an yi ginin wasa mai jan rufi kamar ƙaramin ɗakin bauta, an saki asabarin gora daga sama har cikin ruwan. Makaɗa na gefe a zaune. Akwai wata mata da abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya tak, dan bau suke ce masa, tana taɓa tsirkiyar da hannu ɗaya tana lanƙwasa wani siririn sanda da ɗaya hannun, sautin na fita kamar kukan mace daga nesa. Ban san lokacin da na mayar da wayata aljihu ba.

Sai asabari ya ɗaga, wani ɗan ƙato mai tumbi, ba riga sai bante, baki har kunne, ya fito yana tafiya a kan ruwa. Wannan shi ne Teu, wawan wasan kuma mai buɗe fage. Yana magana mawaƙa na mayar masa, 'yan ƙasa na ta dariya, ni ina bin su da murmushin baƙo. Bayansa abubuwa suka yi ta fitowa: manomi da ɓaunarsa suna huɗa, mata na dashen shinkafa, masunci ya kai wa kifi sura da kwando ya kifa a kan ɗan'uwansa. Wasu dodanni masu jikin maciji suka ɓullo daga ƙarƙashi suna fesa ruwa, can kuma suka fesa wuta, tartsatsi na zuba a kan ruwan. Wanda ya kashe ni da dariya shi ne tsoho da tsohuwa masu kiwon agwagi. Wata dila ta lallaɓo ta cafke ɗaya ta haye bishiya da ita, tsohon na ta dukan ruwa da sanda a inda ba kowa. Na ce wa tafinta, "Ka ga ni can, ga kuma mai sayen kashuna a kan bishiya." Ya yi dariya har na gabanmu suka waiwayo.

Ni dai idona na kan ruwan ina neman igiya. Ina yaro na taɓa ganin mai dabo-dabo, shi a ƙarƙashin riga yake ɓuya, ka san inda hannunsa yake. Nan ba abin da ke sama, ba abin da ke gefe. Ashe da gangan ake barin ruwan da duhu. Masu wasan na tsaye a bayan asabari, ruwa iya ƙugu, kowane da doguwar gora da ke miƙe a ƙarƙashin ruwa, 'yar tsanar na kafe a bakinta, igiyoyi na bin jikin gorar zuwa wuya da hannuwa. Da itacen ɓaure ake sassaƙa su saboda ba shi da nauyi, a shafe su da danƙon wata bishiya shafi bisa shafi don kada ruwa ya ci su. Duk da haka wata takan kai kilo 15.

Wasan manoma ne tun asali, na kwarin Jan Kogi, inda ruwa ke shafe gonakin shinkafa. Ya daɗe ƙwarai, don akwai allon dutse na shekarar 1121 a wani ɗakin bauta na tsohon lardin Ha Nam da ya ba da labarin irinsa da aka yi a gaban sarki Ly Nhan Tong. A da, a ƙauyuka 'ya'ya maza kaɗai ake koya wa sirrin igiyoyin, wai 'ya mace za ta yi aure ta kai shi wani gari. Wannan kam ko a gidanmu an san shi.

Kusa da ƙarshe aka yi labarin tafkin da ke ƙofar gidan wasan. Le Loi, wanda ya kori sojojin Sin ya hau mulki a 1428, yana cikin kwalekwale sai wata kififiya ta zinariya ta ɗago kai ta karɓe takobin da aka ara masa don yaƙi. Sunan tafkin ke nan, Tafkin Mayar da Takobi. Da aka tashi, wajen minti 50, aka naɗe asabari, masu wasan suka fito cikin wandon roba har ƙirji suna sunkuyawa. Wata mata a cikinsu ta haɗa tafukanta, na hangi yatsunta sun yi fari sun yamutse. Tafinta ya ce kafin zuwan wandon roba, citta suke shafawa a jiki su kurɓi romon kifin nan nasu mai gishiri don su jure sanyi.

Kwana biyu da shigowar shekara ya kai ni Van Mieu. An gina wurin a 1070 don girmama Konfushiyas, tsohon malamin hikima na ƙasar Sin, a 1076 aka buɗe makarantar 'ya'yan sarauta a ciki. Hotonsa ne a bayan takardar kuɗinsu ta dong 100,000. Ɗakin da ake ƙona turare a gaban gumaka ban shiga ba, na tsaya a farfajiya, shi kuma bai matsa mini ba. A nan na ga allunan dutse 82, kowane a kan bayan kunkurun dutse, ɗauke da sunayen waɗanda suka ci jarrabawar sarki daga 1442 zuwa 1779. Na nuna masa ɗaya na ce ya karanta mini. Ya sosa ƙeya. Ya ce ba ya iyawa, mahaifinsa ma ba ya iyawa, kakansa ne na ƙarshe a gidansu da ya san wannan rubutu.

Ya yi mini bayani. Da haruffan Sin suke rubutu a da, daga baya suka lanƙwasa su suka ƙirƙiri nasu don rubuta harshensu, suna ce masa Nom. Sai masu wa'azin Kirista daga Turai suka rubuta harshen da baƙaƙen Rumawa, har ɗayansu, Alexandre de Rhodes, ya buga ƙamus a Rum a 1651. Zamanin Faransa aka ɗora wannan a makarantu, aka yi jarrabawar sarki ta ƙarshe a 1919. Yana magana ni kuma ina tuna gafakar Malam, mahaifina, da wasiƙunsa na ajami da ke cikin akwatin Inna. Na ce masa, "Mu ma muna da Nom ɗinmu." Ban gaya masa cewa da ƙyar nake haɗa layi biyu a ciki ba.

A tsallaken titi, bakin wani ƙaramin tafki, an kafa rumfuna. Tsofaffi sanye da doguwar riga da ɗan rawani suna zaune da jajayen takardu, jama'a sun yi layi. Ong do ake ce musu, malaman rubutu. Na ce nawa ake sayarwa, tafinta ya yi saurin gyara mini: ba a cewa saye, roƙon harafi ake yi, ko da za ka ajiye wani abu a ƙarshe. Ɗalibi ya roƙi na cin jarrabawa, mai tsohon uba ya roƙi na tsawon rai. Ni kuwa na ce a rubuta mini na arziki.

Tsohon da muka samu bai ɗauki alƙalami ba. Ya tambayi tafinta daga ina nake, me ya kawo ni, shi kuma ya zayyane masa labarin kashu tas, abin da ban sa shi ba. Tsoho na saurare yana goga wani baƙin sanda a kan dutse mai ɗan ruwa, a hankali, har ruwan ya yi kauri. Ƙanshin ya bugi hancina, na ji kamar an buɗe kurtun tawadar Malam. Ya tsoma alƙalaminsa na gashi, ya riƙe shi a tsaye cak, ya kame bakin hannun rigarsa da hagu. Bai fi numfashi uku ba ya gama. Ya danna jan hatimi a gefe.

Tafinta ya ce, "Anh, ba arziki ya rubuta ba. Nyan ya rubuta, haƙuri."

Tsohon ya sa ƙaramin yatsa yana nuna mini. Rabin harafin na sama kaifin wuƙa ne, na ƙasa zuciya. Ya ɗora gefen hannunsa a kan ƙirjinsa ya tsaya cik, yana kallona. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na biya kuɗin jirgi tun daga Kano don a gaya mini abin da Inna ke gaya mini kyauta.

Sai ya miƙo mini alƙalamin da wata takarda, wai in rubuta masa kalmar da rubutun garinmu. Na fara da boko, ya girgiza kai, ya ce wannan ai nasu ne, yana son na kakanni. Na juya takardar na fara daga dama. Ha ta fita kamar ƙugiya, don gashin ba ya tsayawa kamar gamba. Da na zo ƙaf hannuna ya tsaya a sama. Ɗigo biyu zan sa irin na littattafan da ake bugowa daga Masar, ko ɗaya irin na Malam? Ina wannan tunani tawada ta ɗigo da kanta, guda ɗaya, ƙatuwa, a saman harafin. Tsoho ya karɓa ya ɗaga ta yana dubawa a juye, tafinta ya gyara masa. Ya shanya ta kusa da nasa.

Mun fi gida da awa shida, don haka sai da na koma masauki na kira Yaya. Na ce, "Yaya, barka da hantsi." Ya ce, "Kai da wa kake yawo, tun jiya ake nemanka? Wani ya kira daga Kwatano, ya ce ya san wanda zai ɗauki kayan a yadda suke, amma da sharaɗi." Jar takardar na shimfiɗe a kan gado, na danne kusurwoyinta da takalmi da fasfo don kada ta naɗe. Na ce, "Wane sharaɗi?"

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.