Yaran Jos da darasin jogirafi

Ɗaliban babbar sakandare a nan Jos in ka tambaye su me ya sa ba su ɗauki jogirafi ba amsar kusan ɗaya ce, wai karatun taswira ne ke kayar da mutane a WAEC. Ni dai ban ga laifinsu ba. A manhajar da NERDC, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, ta kawo aka fara aiki da ita a 2011, Turanci da lissafi da sibik (ilimin zama ɗan ƙasa) da darasin sana'a suna cikin na dole, jogirafi kuwa ganin dama ne, to yaro ɗan shekara 15 in ka ce ya zaɓa ai wanda zai ba shi kiredit cikin sauƙi zai ɗauka. A 2025 kuma gwamnatin tarayya ta sake rage yawan darussa, ina tsoron jogirafi ne zai fara shan ƙasa.

Abin da ke ci min rai shi ne mu fa a cikin darasin muke zaune. Garinmu ya haura mita 1,200 sama da teku, shi ya sa muke rawar sanyi a Disamba kuma dankalin Turawa ke yi a Bokkos da Mangu. Tafkunan Rayfield da ake zuwa ɗaukar hoto ramukan haƙar kuza ne, ga dutsen Riyom, ga duwatsun Shere. Ambaliyar 2012 da ta ci rayuka a unguwannin Rikkos da Gangare ma ai maganar gangara ce da gini a kan hanyar ruwa, wanda ya iya karanta taswira zai nuna maka gidajen da ruwa zai fara ci.

Amma na buɗe littafin ƙanwata, shafi guda cike da ma'anar layin kwanto, wato layin da ke nuna tsayin ƙasa a taswira, ta haddace shi tsaf, da na zana mata tudu da kwari na ce wanne ne wanne sai ta yi shiru. Taswira ɗaya tak suke da ita a ajin, ta yage an manne ta da salatif, malamin kuma wallahi yana ƙoƙari, kayan aiki ne babu.

Masu gyaran manhaja a Abuja su sa fita fili ya zama dole a darasin nan don Allah. Daga Terminus a tsakiyar gari zuwa gindin Shere ba wata tafiya ba ce, kuɗin bas ɗaya iyayen yara za su iya haɗawa in makaranta ta nema.