Dokar da na rubuta da hannuna ta rushe mini aikin wata biyu

Har yau in na tuna daren nan sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Mu biyar ne muna wasan labari da dayis a zauren gidanmu da ke Ƙofar Ƙaura, bayan sallar isha'i, an ɗauke wuta, mun jingina fitilar caji da bango. Wata biyu na yi ina gina bos ɗin labarinmu, shugaban 'yan fashin da ke tare ayarin fatake a bakin hamada. Na rubuta masa asali, na tanadi maganar da zai yi in an kai shi bango, har taswirar sansaninsa na zana a bayan tsohuwar kalanda. Ko takobi bai zare ba. Ƙanena ya jefa dayis, ya sake jefawa, ya sa na jefa nawa, sannan ya ɗago kai ya ce, "Yaya, ai na kashe shi."

Kuma da gaskiyarsa. Ni na rubuta dokar.

Dungeons & Dragons muke bugawa, wasan da kowa ke riƙe da jarumi ɗaya a cikin labari, dayis kuma ke yanke hukunci, bugu na 5 wanda ya fito a 2014, ni ne mai jan labari. Tun da muka fara, ajin Monk, wato jarumin da ya ƙware a faɗa da hannu, bai taɓa zama daram a duniyar da muka gina ba, domin tamu duniyar ta ganuwa ce da ƙofofi da fatake da maƙera. Da ƙanena ya ce shi ɗan dambe yake so, nan take na ce an gama. Monk yana zaɓar reshensa, wato salon faɗansa, a mataki na 3, ya ƙara samun sabon abu a na 6 da na 11 da na 17, saboda haka gurbi huɗu kawai zan cike. Makin da Monk ke kashewa wajen dabarunsa, wanda ake kira "ki", na sauya masa suna zuwa Numfashi, tunda dama hutun ɗan lokaci ne ke dawo da shi. Hannun da ake naɗe wa zare ya zama Mashi, ɗayan kuma Garkuwa, kamar yadda 'yan dambe ke kiransu. A mataki na 6 na sa Kirari, wanda in ya yi shi abokan gaba ke iya karaya. Duk waɗannan sun yi aiki lafiya lau, ba su ne suka sa na zauna rubutu ba.

Kisa ne ya kashe ni. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gidan dambe ya san cewa da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa, an yi kisa, magana ta ƙare. Ni kuma na rantse sai wannan ya shiga wasan yadda yake, ba ragi. Sai na rubuta cewa duk lokacin da naushinsa ya sami abokin karawa, zai iya kashe Numfashi ɗaya, shi kuma wancan ya yi jifar tsira ta ƙarfin jiki, wato ya jefa dayis ko zai kuɓuta. In ya gaza, ya faɗi, ya fita daga faɗan. Na karanta wannan layi ya fi sau goma ina jin daɗi, domin na ga dambe a cikinsa.

Wai har lissafi na yi. A mataki na 6, lambar da za a tsallake ita ce 8 a haɗa da 3 na ƙwarewa da 3 na basirarsa, 14 ke nan. Bos ɗina yana da ƙarin 5, don haka in ya sami 9 ko sama da haka a dayis mai fuska 20, ya tsira. Kashi 60 cikin 100 zai tsira, 40 zai faɗi. Na ce ai wannan adalci ne. Abin da ban zauna na duba ba shi ne Monk ba naushi ɗaya yake kaiwa ba. Daga mataki na 5 yana da duka biyu, ya kashe Numfashi ɗaya ya ƙara biyu na ruwan naushi, huɗu ke nan kafin kowa ya motsa. Numfashi shida gare shi, biyar sun ishe shi wannan aiki. In duka huɗun suka shiga, damar bos ya tsallake su gaba ɗaya ba ta kai 13 cikin 100 ba. Ko uku ne suka shiga, kusan 78 cikin 100 ya tafi. Naushi ɗaya na auna, alhali huɗu na ba shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gargaɗin yana gabana a cikin littafin. Dukan sumarwa da Monk ke samu a mataki na 5 sumar da mutum kawai yake yi zuwa ƙarshen zagayen Monk ɗin na gaba, ba ya gama da shi, amma duk da haka da aka yi wa dokokin kwaskwarima a 2024 sai da aka taƙaita shi zuwa sau ɗaya a zagaye. Reshen Buɗaɗɗen Hannu ma yana kayar da mutum ƙasa, amma mutum ya tashi ya ci gaba. Manyan dodanni kuwa ana ba su damar ƙin faɗuwa, yawanci sau uku a rana, ni ko ɗaya ban ba nawa bos ɗin ba. Na san duk wannan. Son abin da na ƙirƙira ne ya rufe mini ido.

Zauren ya yi tsit. Abokina mai buga maharbi, wanda ya biya kuɗin Napep tun daga Sabuwar Unguwa, ko dayis bai taɓa ba. Ya tattara takardarsa a hankali ya ce, "To, sai da safenku." Wannan sallamar ta fi mini zafi a kan a ce faɗa ya yi.

Da gari ya waye na ƙara ɓata lamarin. Cikin fushi na tura wa ƙanena saƙo a WhatsApp cewa na soke Kisa, ba tare da na zauna da shi ba. Yaron da bai yi laifin komai ba, doka ya karanta ya yi aiki da ita yadda ya kamata. Ya amsa da "To Yaya" kawai. Sati uku bai leƙo zauren ba, alhali gida ɗaya muke kwana.

Wajen kawuna na sami bakin zaren. Mahauci ne, kuma ya naɗa zare a ƙuruciyarsa kamar yawancin 'ya'yan rundawa na zamaninsu. Na same shi a bakin teburinsa da la'asar, ciniki ya lafa, yana goge wuƙa. Na yi ta kame-kame wajen bayyana masa wasan, har na tabbatar masa babu kuɗi a ciki, ba caca ba ce. Ya saurara, sannan ya tambaye ni, "Ɗana, shi wannan ɗan damben naka, sau nawa yake kai mashi kafin wancan ya rama?" Na ce huɗu, Kawu. Ya ajiye wuƙar. Ya ce, "Wannan ai daka ne, ba dambe ba."

Sai ya miƙe a nan gaban teburin, ya ware ƙafafu, ya miƙa hannun hagu gaba da tafinsa a buɗe, ya ja na dama can baya kusa da ƙugu. Ya fara zagaya ni a hankali, tafin nan yana taɓa kafaɗata yana janyewa. Ya ce da garkuwa ake auna mutum, ana iya cinye turmi guda ana wannan aunon ba a yi kisa ba, wani lokaci ma turmi ukun su ƙare a raba ku. Kuma in ka saki mashi ya wuce iska, haɓarka a buɗe take, kai ne za a kwasa. A nan na gane na ɗauko kisan na baro haƙurin da kasadar a filin.

Daren nan na sake rubuta dokar Kisan. Mashi sau ɗaya ne a zagaye. Kafin ya sake shi, sai ya yi Auno da Garkuwa, wanda ke cinye ƙarin motsin da yake da shi, saboda haka ba zai yi ruwan naushi a wannan zagayen ba. Kuɗinsa Numfashi biyu. In ya shiga, ana ninka dayis ɗin ɓarna, abokin karawa kuma ya yi jifar tsira ko ya sha ƙasa. Amma ba ya fita daga faɗan sai in jininsa, wato makin lafiyarsa, ya riga ya sauka ƙasa da kwata. In kuwa ya kuskure, duk wanda ya fara kai masa duka zai jefa dayis biyu ya ɗauki mafi girma. Wannan karon ban yarda da idona ba. Na zauna ni kaɗai na buga faɗa 30 a takarda, a mataki na 5 da na 11, ba a na 3 ba inda komai ke kama da mai ladabi. Duk mai shirin ƙera nasa reshen, don Allah ya lissafa abin da ɗan wasa zai iya yi a zagaye cikakke da duk makin da ke hannunsa, kuma ya faɗa wa mutanensa tun ranar farko cewa gwaji ne, za a iya taɓa shi. Da na faɗi wannan jimla ɗaya, da ban rasa ƙanena sati uku ba.

Na kai masa takardar har ɗakinsa, na ba shi haƙuri, muka karanta tare. Shi ne ma ya ce Numfashi biyun ya yi daidai, kada na rage. A zamanmu na gaba ya yi zagaye biyu yana auna wani ƙaton mai gadi, maharbin nan na Sabuwar Unguwa yana rage masa jini daga nesa, sannan ya saki Mashi ya kuskure, aka kusa kwashe shi. Da ya sake a karo na biyu ya shiga, sai da mahaifiyarmu ta aiko daga cikin gida a ce mu rage ihu.

Gurbin mataki na 17 har yanzu babu komai a cikinsa. Na rubuta abu uku na yage. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan koma wajen Kawu da takardar, in tambaye shi abin da tsohon ɗan dambe ke da shi wanda yaro mai ƙarfi ba shi da shi.