Kafin ka zargi fankar motarka

Ɗan yayata na gani yana ta latsa waya, yana neman inda zai sayi sabuwar fanka, wai ta esin motarsa ta mutu. Na ce masa, idan ka murɗa ta zuwa lamba ta ƙarshe tana hurawa? Ya ce a nan kaɗai take yi, Kawu. Raina ya sosu, domin ramin da na taɓa faɗawa ne yake shirin afkawa.

Haka tawa ta yi mini. Ban auna komai ba, na shiga ƙarƙashin dashbod ta ɓangaren fasinja, na ciro fankar na ɗaura sabuwa. Babu abin da ya canza. Ashe resista ce ta ƙone. Ita ke rage wuta don fanka ta juya a hankali, a lamba ta ƙarshe kuwa wutar ba ta bi ta cikinta. Wa zai gaya mini wannan a lokacin? Amma gaskiya ban tambayi kowa ba.

Na canza resista, ba a jima ba ta sake ƙonewa. Iskar fankar ce ke sanyaya ta, ga filta ta toshe da ƙura da busasshen ganye, ni ban ma san akwai filta a wurin ba. Sabuwar fankar kuma mai jan wuta ce fiye da kima, fiyus ya fara tsinkewa. Sai na sa wanda ya fi shi ƙarfi. Warin roba ne ya tsayar da ni a hanya, na tarar soket ya narke. Na sha cewa zafi ne ya matsa mini, ga yara a baya suna kuka, kuma haka ne. Duk da haka da hannuna na kusa cinna wa motar wuta suna ciki.

To, samari, ku fara da fiyus, kuma kada ku taɓa sa wanda ya wuce ampiyar da aka rubuta. Idan fanka ba ta motsi sam, ku ɗora mitar auna wuta a soket ɗinta, motar na kunne. In wuta bolt 12 tana isowa kuma wayar da ke kama jikin mota lafiya take, laifin fankar ne. In kun ɗan bubbuge ta ta tashi, burushinta, wato ɗan abin da ke shigar mata da wuta daga ciki, ya cinye.

Ku koyi yi da kanku. Ko da yake, yadda nake ganin kuna kallon bidiyon minti biyu ku ɗauko sukudireba, gara ku kai wa mai rewaya. Ba ku da haƙurin riƙe mita, sai saurin kashe kuɗi! Kuma idan iska ba ta fitowa kwata-kwata, kada wani ya sa ku ƙara gas. Gas sanyi yake kawowa, ba shi ke hura iska ba.