Tawul ɗin da aka wurga

Asabar, bayan isha'i.

Tun la'asar aka ɗauke wuta, sai muka shimfiɗa tabarma a zaure ni da 'ya'yan yayana muna buga Whot. Babbansu, mai shirin jarrabawar gama sakandare, kati na hannunsa, littafin Turanci na kan cinyarsa. Can ya ɗago ya ce, "Baffa, mene ne 'throw in the towel'? An ce mu haddace kawai, wai saduda."

Abin ya sosa mini rai, don ni ma haka aka koya mini. Na kife katina na ce masa daga damben Turawa maganar ta fito. Idan mai horarwa ya ga yaronsa na shan jibga, ido ya kumbura, ƙafa na rawa, sai ya wurga tawul cikin fili, a tsayar da wasa. Ka ga ashe ba ragwanci ba ne zalla, wanda ya damu da ranka ne ya ce ya isa haka. Hadda ba ta nuna wa yaro wannan tausayin.

Daga nan bakina ya buɗe. Na ba shi "on the ropes", wato an matse mutum jikin igiya, ba gaba ba baya. Amma a 1974 a Kinshasa, da gangan Muhammad Ali ya jingina da igiya, ya bar George Foreman ya yi ta naushi har ƙarfinsa ya ƙare, sannan ya kayar da shi a turmi na 8. Yaron ya zaro ido. Sai "saved by the bell": tun dokokin damben Turawa na Queensberry na 1867 kowane turmi minti 3 ne, wanda ya faɗi kuma a ƙirga masa 10, don haka ƙararrawa kan ceci wanda ke dab da kifewa. Na tuna masa namu damben, inda ake cewa wane ya kashe wane alhali mutumin ya tashi yana kakkaɓe ƙura. Baturen da bai taɓa zuwa gidan dambe ba, ya zai fahimci wannan kisan?

Na karta kuwa ga su a gabanmu. Na ɗora hannuwana a fili na ce wannan shi ne "above board", hannu a saman tebur, ba maguɗi. Na cusa kati ɗaya a hannun riga: "ace up the sleeve", wato ɓoyayyiyar dabara. Shi "pass the buck" daga teburin 'yan caca a Amurka ya samo asali, wata alama ce da ake ajiyewa gaban wanda rabon kati ya zagayo kansa, in ba ya so ya tura wa na kusa. Shi ya sa Shugaba Truman na Amurka ya kafa allo a teburinsa mai cewa "The buck stops here", ma'ana ba wanda zai tura wa alhaki.

Muna cikin haka autarsu, wadda ko aji uku ba ta kai ba, ta buga kati ta ce "general market", duk muka ɗebo. Ba wanda ya taɓa sa ta haddace wannan. A Ingila aka ƙirƙiro Whot a 1935, amma a tabarmar nan ta koyi Turancinsa, kuma ba ta taɓa kuskuren wurin faɗarsa ba.

Kafin magariba na leƙa littafin yayanta. A gefen shafin ya zana ɗan tawul da biro.